Jan Allin Farfesa

A sashen lissafi na jami'ar akwai wani ɗakin taro mai dogon allo, daga wannan bango har wancan, akwai kuma wata al'ada da ba a rubuta a ko'ina ba amma kowa ya haddace ta. Duk wanda ya tsaya gaban allon nan ya gabatar da aikinsa, in Farfesa ya kama shi da kuskure, sai ya tashi ya zagaye wurin da jan alli. Daga nan tsumma ya haramta ga allon. Mai shara ba ya taɓa shi, malami ba ya taɓa shi, sai taro na gaba ya zagayo mai kuskuren ya zo ya goge abinsa da hannunsa a gaban jama'a. Kafin lokacin kuwa ana ci gaba da darasi a ɗakin, a kan wani ƙaramin allo da ake jinginawa a gefe, don haka har 'yan aji ɗaya sai sun more kallon kunyar manya.

Farfesa ba ya riƙe farin alli. Ya ce ƙurarsa tana ɓata masa hannun riga. Nasa ja ne, a cikin wani ɗan gwangwani da yake ajiyewa a aljihun gaba, kuma babu abin da yake yi da shi sai da'ira. Duk abin da zai koyar a zaune yake faɗa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, wani ya rubuta. Wanin nan kuwa shekara da shekaru mutum ɗaya ne, har sunansa na yanka ya ɓace a sashen, kowa sai dai ya ce Magatakarda.

Ƙaramin malami ne, mai sanyin murya, furfura ta fara cin gefen kansa. Rubutunsa a allo kamar an buga da inji. Ya fi shekara goma yana neman digirin digirgir a ƙarƙashin Farfesa. Yaran da ya koya wa lissafi a aji ɗaya sun zo sun wuce shi, sun zama Dakta wane da Dakta wance, yanzu shi ke fara gaishe su a baranda.

Aikin da suke yi, in an tuɓe masa manyan kalmomi, maganar cunkoso ce. A ɗauki doguwar hanya da motoci a kanta. Akwai lissafin da ke faɗin yadda yawan motocin zai riƙa canjawa a kowane wuri. Muddin motocin suna bazu daidai, lissafin yana tafiya sumul. Amma masu gudu sukan cim ma masu jan jiki, sai a sami wurin da nan hanya fayau, taku ɗaya gaba kuma cunkoso ya toshe, babu tsaka-tsaki. Wannan wurin suke kira tsalle, kuma a kansa lissafin da aka saba yake karyewa. Sai masana suka sassauta abin da ake nufi da amsa, don a karɓi amsoshi masu tsalle. Sassaucin ya jawo nasa ciwon kan: amsoshi suka yi yawa, na gaskiya da na banza duk suka shigo. Har da irin wadda za ta ce maka fitilar kan titi ta ba da hannu, hanya a buɗe, amma motoci sun ƙi bazuwa. Dole a sami sharaɗin da zai tankaɗe su ya bar guda ɗaya.

Da ƙuruciyarsa Farfesa ya buga wani sharaɗi irin wannan, na hanyar da faɗinta ba ya canjawa sai a hankali. Aiki ne mai kyau, ko maƙiyinsa ba zai hana shi wannan ba. Matsalar ita ce abin da ya riƙa ƙarawa da baki daga kan kujerarsa, shekara bayan shekara. "Ko da hanyar ta tsuke farat ɗaya, kamar a bakin gada, amsar ɗaya ce. Hujjar iri ɗaya ce. Aikin yara ne." Aikin yaran nan ya ɗauka ya miƙa wa Magatakarda a matsayin kundin digiri, shi ne ya cinye masa ƙuruciya. Duk ta inda ya biyo, in ya iso bakin gadar sai hujjar ta suɓuce. Da daɗewa ya yanke wa kansa hukunci cewa kansa ne ba ya ja.

Ana nan sai hukumar jami'a ta fitar da doka: duk malamin da zangon karatun bana ya ƙare ba shi da digirin digirgir, ya ajiye aiki, ya kuma fita daga gidan ma'aikata. A gidan nan aka haifi 'ya'yansa duka. Babbarsu tana aji ɗaya a sashen, ta zaɓi lissafi ne don babanta. Dole ta sa ya haɗa kundin haka nan, da raminsa a bakin gada, ya miƙa.

Wata safiya yana cikin bas, an tsaya a bakin tsohuwar gadar da ke hanyar jami'a, inda layi biyu ke komawa ɗaya. Jiya a daidai wannan lokacin motoci suna shiga gadar hanci da wutsiya, layin da ke baya gajere. Yau motocin ba su ƙaru ba, amma kowane direba sai ya ɗan ja burki a bakin gadar ya bar tazara, kaɗan ke hayewa, layin baya ya miƙe har ya sha kwana. Ya duba bayan gada, komai yana bin sharaɗin Farfesa. Ya duba kan gada, nan ma haka. Jiya da yau duk sun bi sharaɗin, ga shi kuma ba abu ɗaya ba ne. Sharaɗin yana magana a kan faffaɗar hanya, yana magana a kan tsukakkiya, amma bakin gadar kansa bai ce komai a kai ba.

Bai san lokacin da ya sauka daga bas ɗin ba. Ya sami wani aji da babu kowa, ya hau allo. Kafin rana ta take tsaka ga amsoshi biyu a gabansa, daga mafari ɗaya, kowacce ta tsallake sharaɗin ba tare da ko ƙwarzane ba. Ashe ba kansa ne ba ya ja ba. Abin da aka sa shi ya tabbatar ne ba gaskiya ba. Ya zauna a bencin ɗalibai yana kallon allon, farin ciki ya cika shi irin wanda bai taɓa ji ba, har sai da ya share ido da hannun riga.

Da la'asar ya zayyana wa matarsa komai, tana tsaye tana ninke kayan wanki. Ba ta san lissafi ba, amma ta san Farfesa.

"Baban yara, kada ka je masa kai kaɗai," in ji ta. "Ka tara mutane ka nuna musu. Ko Dakta ɗaya ne ya gani da idonsa."

"Haba. Malamina ne fa. In tozarta shi a gaban yaransa?"

"Shi da yake tozarta ka a gaban naka, wa ya ce masa haba?"

"Ke ba ki gane ba. Ko me na gano, sai ya sa hannu kafin ya zama digiri."

Ta kaɗa zanen gado da ƙarfi ta ninke. "To. Ni dai na faɗa."

Washegari ya shiga ofishin Farfesa da sallama, ya rusuna. Akwai ƙaramin allo a bayan ƙofa, a nan ya rubuta abin. Farfesa ya saurara bai katse shi ba. Da ya gama, Farfesa ya ce ya maimaita daga farko, a hankali. Ya yi tambayoyi, masu kyau kuwa, irin na wanda yake son ya riƙe abu. Sannan ya riƙa juya gwangwanin jan allin a hannu. Magatakarda ya sha jinin jikinsa, yana jiran tsawa.

Tsawa ba ta zo ba. Farfesa ya nuna masa kujera, abin da bai taɓa yi ba, ya sa aka kawo shayi kofi biyu.

"Ɗana, wa ka nuna wa wannan?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe. Kai ne na farko."

"Madalla. Ka yi hankali, ka kuma yi ladabi." Ya kurɓi shayi. "To ga yadda za a yi. Mai jarrabawa na waje yana hanya, kundinka yana hannunsa tuni. In muka ce a sake sabo, zango zai ƙare kana kan titi da iyalinka. Ka gabatar da shi yadda yake. Mutumin tsohon abokina ne, ba mai tone-tone ba ne. Ka karɓi digirinka, ka riƙe gidanka. Bayan nan mu buga wannan tare, sunanka a gaba."

"Amma ranka ya daɗe, zan tsaya in ce amsa ɗaya ce, alhali na san..."

"Ka san me? Ka san kana da 'ya'ya. Sha shayinka."

Ya sha. Ya san ƙarya aka ce ya je ya yi, ya kuma yarda, don tsoro da kwaɗayin a ce masa Dakta ko sau ɗaya. Da zai fita Farfesa ya ce, "Goge mana allon nan, kada masu shigowa su gani su ruɗe." Ya goge tas, har kusurwoyi.

Ranar jarrabawa ɗakin taro ya cika. Matarsa ta zauna a layin baya da sabon mayafi, 'yarsa a kusa da ita. Mai jarrabawa na waje, wani dattijo mai kumburarrun idanu, yana gefen Farfesa yana fama da gyangyaɗi. Magatakarda ya fara daga bangon hagu, layi bayan layi, allin yana tafiya kamar ba hannu ke jan sa ba. Da ya iso bakin gada, sai ya tsallake ramin da ya san yana nan, ya rubuta a ƙasa: saboda haka amsar ɗaya ce tak. Baƙon ya gyaɗa kai. Magatakarda ya ji numfashinsa ya dawo.

Sai aka ji ƙarar murfin gwangwani.

Duk wanda ya yi wata guda a sashen ya san ƙarar nan. Farfesa ya miƙe a hankali, ya gyara riga.

"Malam, ɗaya tak ka ce?"

Magatakarda ya dube shi, ya kasa gane wasan da ake yi.

"Ina tambaya ne don kwanan baya ina cikin bas a bakin tsohuwar gada," in ji Farfesa, yana fuskantar jama'a. Mutumin da rabonsa da shiga bas tun kafin a haifi rabin 'yan ɗakin! Ya ba da labarin jiya da yau, da masu shiga hanci da wutsiya, da masu barin tazara, bai rage ko burki ɗaya ba. Ya bayyana amsoshin biyu da baki, daki-daki, yadda aka maimaita masa a ofis. Baƙon ya wartsake, ya gyara zama, idanunsa suka buɗe.

"Ranka ya daɗe," Magatakarda ya ce, "ai ni ne..."

"Kai ne me? Kai ne ka rubuta wannan, ko ba hannunka ba ne?" Ya matso kusa, ya sassauta murya yadda na gaba kawai za su ji, da baƙon. "Ko so kake ka gaya wa baƙonmu ka san ƙarya ce, ka zo ka rubuta masa ita don ka karɓi digiri?"

Nan Magatakarda ya ga ramin da aka haƙa masa, ya kuma ga cewa da ƙafarsa ya shiga. In ya ce bai sani ba, daƙiƙi ne. In ya ce ya sani, maƙaryaci ne, kuma wannan kora ce ta wulaƙanci da babu jami'ar da za ta sake kallonsa. Ya yi ƙoƙari na ƙarshe.

"Kai ka koya mana cewa hujjar iri ɗaya ce."

"Ni? A ina na rubuta? Nuna mini da hannuna." Farfesa ya juya ga jama'a yana murmushi. "Abin da na buga yana laburare, kowa ya je ya duba. Hanya mai canjawa a hankali na ce. In wani ya ja maganata ya kai ta inda ban aike ta ba, ya kuma yi shekaru yana rubuta wa yara ita a allo, to sai mu ce Allah ya kyauta."

Daktocin da ke layin gaba duk sun ji maganar nan daga bakin Farfesa, wasu sun fi sau goma. Kowannensu ya sami abin kallo a kan takalminsa. Farfesa ya ɗaga hannu ya zagaye layin ƙarshe da jan alli, da'ira mai kyau, ya mayar da allin gwangwani ya rufe. Baƙon ya rubuta abin da zai rubuta, ya miƙa wa Farfesa hannu yana cewa lallai wannan misali na gada sai an buga shi, zai ma ɗaga tafiyarsa ya ji cikakkensa. Da Magatakarda ya ɗaga kai ya dubi layin baya, kujeru biyun babu kowa.

Makon da ya biyo baya, darasinsa na 'yan aji ɗaya a ɗakin ya faɗo. Ya tsaya a gaban ƙaramin allo yana koyarwa, rubutunsa na bayansa da jar da'ira a wuya. Yara ba su yi dariya ba, da ma sun yi da ya fi sauƙi. Kallonsa kawai suke, su kalli da'irar, su sake kallonsa. 'Yarsa, wadda kullum take layin farko, ta koma can ƙurya kusa da taga, ba ta ɗaga kai ba har aka tashi. A baranda wani Dakta ya riƙe masa hannu ya raɗa masa, "Wallahi Yaya mun san abin da ya faru," sannan ya waiga hagu da dama ya yi sauri ya wuce. A gida matarsa ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta tambaye shi kawai ko mai shagon bakin titi zai ba su kwalaye, don littattafansa sun fi kayan ɗaki yawa.

Taro na gaba ya zo. A jikin ƙofa an manna sanarwa cewa Farfesa zai gabatar da sabon sakamako a kan rashin kaɗaitar amsa a inda hanya ta tsuke. Ɗakin ya fi na ranar jarrabawa cika. Kamar yadda al'ada ta tanada, Magatakarda ya fito da tsumma. Ya fara daga bangon hagu, ya bi aikin shekarunsa yana sharewa. Farin ya tafi ba gardama. Jan ya ƙi, sai da ya jiƙa tsumman ya dirje, duk da haka ya bar inuwa. Ya ajiye tsumman ya nufi ƙofa.

"Ina zuwa kuma?" in ji Farfesa daga kan kujerarsa. "Wa zai rubuta mini? Ai zango bai ƙare ba, Malam. Har yanzu ma'aikacinmu ne kai."

Wani ya yi 'yar dariya ya mayar da ita tari. Magatakarda ya tsaya da hannu a kan ƙofa. Takardar sallamarsa, wadda zai nemi wani aikin da ita, Farfesa ne zai sa mata hannu. Ya dawo ya ɗauki farin alli.

Farfesa ya fara faɗa, shi yana rubutawa. Kalmomin Magatakarda ne, jerinsa ne, har harufan da ya zaɓa a ajin nan da babu kowa. Amsa ta farko ta fito lafiya. Aka shiga ta biyu, wadda ita ce zuciyar abin, inda motocin da ke hayewa ba su kai abin da gadar za ta iya ɗauka ba. A nan haddar Farfesa ta zame. Ya juya alamar, ya ce sun fi. Da sauri ya faɗa, cikin harufa, kuma ba wanda ya lura, don a ɗakin nan ba a sauraron Farfesa, allo ake kwafa.

Allin ya tsaya a sama. In ya rubuta yadda aka faɗa, gada za ta haye da motocin da suka fi ƙarfinta, layi uku gaba komai ya rushe, kuma baƙon nan yanzu idonsa biyu. Ga dama ta zo har hannu. Sai kuma ya tuna wanda za a ce ya yi kuskuren, don allo bai san muryar kowa ba, hannu kawai ya sani. Amma ba wannan ne ya fi ƙarfinsa ba. Abin nasa ne. Shi kaɗai ne abu na gaskiya da ya taɓa ganowa a rayuwarsa, kuma ya kasa tsayawa ya nakasa shi da hannunsa, ko a bakin wa yake fitowa. Ya tsani kansa a kan haka, ya rubuta alamar daidai.

Farfesa ya kalli allon. Idonsa ya tsaya a kan alamar, ya koma kan Magatakarda, ya gane sarai. Bai ko ƙifta ba, ya ci gaba da faɗa.

Da aka kai ƙarshe ɗakin ya ɗauki tafi. Baƙon ya miƙe tsaye yana cewa rabonsa da ganin misali mai tsabta haka an daɗe. Farfesa ya ɗaga hannu cikin tawali'u, ya nuna mutumin da ke tsaye a gefen allo, fari fat da ƙura har gwiwar hannu.

"Ku taya ni gode wa Malam. Kai mai ja dai ba a ba shi ba, amma hannu kam, ba a fi shi ba. Zan yi kewar hannun nan." Ya karkata kai yana duban saman allon. "Sai dai ka yi mantuwa. Masu ɗaukar hoto suna jira, ba ka sa suna a sama ba."

Magatakarda ya jawo benci ya hau, don saman allon ya fi tsayinsa. Ya rubuta sunan Farfesa, harafi bayan harafi, layin bai karkace ba ko kaɗan.